Mutumin da Ya Ce a Jira Damina

Jawabin Alhaji Bubayero Sani, tsohon malamin dabbobi, a taron tunawa da marigayi Malam Abdulbaƙi Idirisu. Dutse, Fabrairun 2002.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Mai Martaba Sarki, Allah Ya ja zamanin Sarki. Mai girma Babban Sakatare. Ranka ya daɗe Hakimi. Shugaban ƙaramar hukuma. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Dagacin Garin Mailafiya, Alhaji Muntaka, yayan marigayi. Ardo da jama'arsa, da suka baro shanunsu can kudu suka zo saboda wannan zama. Hajiya Zulfa, matar marigayi, da 'ya'yanta, da sauran iyayenmu mata da ke sauraro daga ɓangarensu. Abokan aiki, 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Da aka ce ni zan yi magana yau, na ce a sake shawara, don ni da marigayi ba mu taɓa zama muka tashi ba tare da musu ba. Aka ce ai shi ya sa.

Tare muka taso daga Kano shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan. Waɗanda suka zo lokacin sun san yadda muka tarar da Dutse: ofis ɗaya, ma'aikata goma, wanda ya makara sai dai ya yi aikinsa a gindin bishiya. Ɗaki ɗaya muka kama ni da shi a unguwar Limawa kafin iyalanmu su iso. Shi malamin daji, ni malamin dabbobi, ga ni kuma Bafulatani. Kullum sai ya ce dangina sun cinye masa dashe, ni kuma in ce masa ban taɓa ganin wanda ya sha nonon bishiya ya ƙoshi ba.

Ya kasance mutum mai nawa wajen yanke magana. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya dubi agogo, ya kuma dubi rana. Ya kasance ba ya ɗaga murya, ko da kuwa ka ƙure shi. Ni na sha gwadawa. Ya kasance in aka kamo mace da ƙunshin itace a gandun daji, sai ya tambaye ta yaranta nawa kafin ya tambaye ta sunanta. Amma in babbar mota ce aka kamo cike da gawayi, ko ɗan waye mai ita, a nan za ta kwana.

Duk wannan kun sani. Abin da nake so mu tuna yau shi ne Kwarin Kanya.

Ga wanda bai san wurin ba, gandun daji ne na gwamnati, can bayan Kiyawa. Marke ne da kirya da kanya da tsamiya, wasu sun girmi kakanninmu, kuma babu hanyar mota ko ɗaya a cikinsa. A bayan dajin Garin Mailafiya yake, mahaifar marigayi. Mutanen garin in za su fito titi, sai dai su ratsa rairayin dajin da ƙafa ko a amalanken shanu.

A shekarar 1996 wani kamfani ya nemi izinin sarar dajin, ya yi katako da gawayi. Ya kuma yi alkawarin fasa hanya ta tsakiyar dajin har ƙofar Garin Mailafiya. Lokacin doka ta riga ta ce kafin a yi babban aiki irin wannan sai kwamiti ya duba illar da zai yi wa ƙasa da ruwa da jama'a. Aka naɗa mu, ni ta ɓangaren dabbobi, shi ta ɓangaren daji. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, tunda garinsu ne zai samu hanya.

Cikin watan Maris aka kwashe mu a mota aka kai mu bakin dajin. Ganye ya kaɗe, ciyawa ta ƙone, ko akuya ba mu gani ba. Wakilin kamfani ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun dai gani da idonku, ranku ya daɗe. Daji ne da babu kowa, itace yana ta tsufa a banza."

Ni na san inda masu dajin suke, don dangina ne, kuma na faɗa, da ƙarfi ma kamar yadda na saba. Aka yi dariya, aka ce Bafulatani ne yana kare nasa. Marigayi yana can gefe yana juya busasshen kashin shanu da bakin takalminsa. Can ya ɗago ya tambayi wakilin kamfanin, "Wannan kuma fa, kamfani ne ya zo da shi?"

Sannan ya juya ga shugaban kwamiti ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba sai mun dawo cikin Agusta. Ko alƙali ba ya yanke hukunci ɓangare ɗaya ba ya nan. Masu wurin nan ba sa nan da rani."

Yanzu da muke ta maganar shari'a a ko'ina, nakan tuna wannan magana. Shi ya faɗe ta tun babu mai tafa masa.

Ba a yi mako ba Alhaji Muntaka ya zo Limawa da dattawan gari. Ina wurin. Ranka ya daɗe Dagaci, ka ba ni izinin in faɗi wannan, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Ya ce, "Abdulbaƙi, mu muka yi noma kai ka yi karatu. Yau Allah Ya kawo mana hanya har gida, kai ne za ka tare ta?"

Marigayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ban ce a'a ba. Cewa na yi a jira damina."

Dagaci ya ce, "Matanmu da ke naƙuda a kan amalanke, su ma su jira damina?"

Ni ma da nake da baki na san gaskiya Dagaci ya faɗa.

Agusta ta zo, muka koma. Wannan karon mota ba ta ko kai bakin dajin ba, da ƙafa muka shiga. Shugaban kwamiti, Allah Ya ƙara masa lafiya, taɓo ya karɓe masa takalmi ɗaya, haka ya ƙarasa da ɗayan a hannu. Gero ne da dawa dama da hagu, an shuke har gindin bishiyar farko. Muna shiga ciki muka tarar da gari guda: mashekari, wato inda makiyaya ke zama su yi damina, bukka bayan bukka, shanu iya ganinka, mata na tatsa, hayaƙi na tashi. Wakilin kamfani ya yi ta waige-waige kamar an kawo shi wani dajin daban.

Ardo, wanda ga shi nan zaune, ya ce da shugabanmu, "Ranka ya daɗe, da damina duk ƙasar nan gona ce, nan kaɗai ba a shuka. In aka sare nan, shanu ba sa tashi sama. Cikin geron Mailafiya za su shiga. Ni ba na so, su ma ba sa so."

Kun san shekarun. Kun san abin da muke ji yana faruwa tsakanin manoma da makiyaya a wasu wurare, gawawwaki da ƙonannun rumbuna. Marigayi shi ya rubuta rahotonmu, abu biyu ya ce. Na ɗaya, kada a sare dajin, kada kuma a fasa hanya ta cikinsa, domin inda motar farko ta shiga ta biyu ba ta neman izini, kuma bayan gatari garma ce ke biyowa. Na biyu, a yi wa Garin Mailafiya hanya da gaggawa, ta zagaya dajin ta gabas, ko da ta fi nisa. Aka karɓi na farko. Na biyu aka ce sai hali ya yi.

Da shekara ta zagayo, Larai, matar Alhaji Muntaka, haihuwa ta zo mata da gardama. Aka ɗora ta a amalanke aka nufi titi. Ba ta kai ba. A cikin dajin nan ta rasu, ita da abin da ke cikinta.

Tare muka je ta'aziyya. Marigayi ya durƙusa gaban yayansa ya miƙa masa hannu. Dagaci ya dubi hannun, ya ce, "Itatuwanka suna nan lafiya." Hannun nan ya daɗe a miƙe kafin ya mai da shi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi nauyi, kuma ban taɓa ganin laifin Dagaci ba.

Da wani ne, da ya shiga ofis ya rufe ƙofa, ya ce shi dai ya yi aikinsa. Marigayi bai yi haka ba. Ya kasance babu ofishin da bai taka ba a kan hanyar nan ta gabas, har masinjoji suka riƙa ce masa Malam Hanya. Da ya ga shiru, sai ya tara gayya. Ya kasance duk Asabar yana can da shebur, shi da samarin gari da samarin ruga, suna cike kwari da marmara. Dagaci bai taɓa fitowa ba. Amma duk Asabar, in rana ta take, sai ga ƙwaryar fura an aiko, ba a cewa daga ina. Marigayi ya san ƙwaryar gidansu. Sai ya sha, ya goge baki, ya ce, "A ce mun gode," ba ya cewa a gaya wa wa.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Kamar kullum, sai da ya ja lokaci. Ya ce, "Bubayero, in aka mai da ni ranar, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa. Amma kada in ji ka ce kyauta muka samu dajin nan. Larai ce ta biya."

Jama'a, tun daga lokacin har yau ba a zubar da jinin kowa ba tsakanin Garin Mailafiya da mashekarin Kwarin Kanya. Ba mu san rayuka nawa suka tsira ba, don faɗan da ba a yi ba ba shi da kaburbura. Kabarin Larai kuwa yana nan, kuma shi ne abin da marigayi ya fi gani.

Hajiya Zulfa, mun san Asabar nawa kika yi ba miji a gida, mun san bikin dangi nawa kika je aka juya miki baya saboda abin da ba ke kika rubuta ba. Kin yi haƙuri, Allah Ya ba ki lada. Ziyad, Nuriyya, mahaifinku bai bar muku gidan bene ba. Amma duk rugar da kuka shiga a ƙasar nan kuka faɗi sunansa, za a shimfiɗa muku tabarma.

Ya rasu bayan ƙaramar Sallah, jinyar 'yan kwanaki. Hanyar gabas ta tsaya a rabi. Shi da yayansa ba su sami zama sun yi maganar da ya kamata su yi ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce sun samu ba. Amma da labari ya kai Garin Mailafiya, Dagaci ya ratso dajin da ƙafa, ya iso Limawa kafin a yi wanka, ya ce kowa ya matsa, shi zai wanke ƙaninsa. Na tsaya ina zuba masa ruwa. Na ga yadda ya riƙe hannun nan na dama, ya daɗe bai sake shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ja ku duk wannan nisa. Wani kamfanin ya sake neman Kwarin Kanya, da alkawarin hanya irin na da. An naɗa sabon kwamiti, wasunku suna cikinsa, kuna zaune a nan. An kuma sa musu ranar zuwa duba daji, cikin watan gobe, watan Maris. Wanda zai juya kashin shanu da takalmi ba ya nan. Wanda za a fara tambaya shi ne Dagaci, kuma duk duniya babu mai haƙƙin ya ce a fasa hanyar nan kamarsa.

Ɗazu kafin mu shigo ya kira ni gefe. Ya ce shi ba mai magana a taro ba ne, in isar masa. Ga saƙon, da bakinsa:

"Ka gaya musu hanya ina nan ina nemanta, ta gabas, inda ya tsaya, kuma ranar Asabar zan fito. Daji kuwa, ni ba na karɓar baƙi da rani. Su zo cikin Agusta, ni zan shige musu gaba."

Mai girma Babban Sakatare, ka ji. Hanya rabi ta rage.

Muna godiya ga duk wanda ya baro harkarsa ya zo, na kusa da na nesa, Allah Ya mai da kowa gida lafiya. Ya Allah Ka gafarta wa bawanka Abdulbaƙi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa. Ka jiƙan Larai da ɗan da bai ga duniya ba, Ka haɗa su a Aljanna. Ka sanyaya zuciyar Alhaji Muntaka, Ka raya abin da marigayi ya bari. Mu kuma, ya Allah, Ka kai mu damina.

Amin. A yi masa Fatiha.