Hannun Shaziya

A bencin jira na wani gidan jinyar tsofaffi a birnin Multan na Pakistan, Rubina, wadda ta zo ganin wurin kafin ta kawo mahaifinta, ta juya ga matar da ke gefenta rungume da kwalbar man kwakwa, ta kira ta Baji, wato Yaya.

"Baji, kina da majinyaci a nan? Ya wurin yake?"

"Kada ki kuskura ki kawo naki," in ji matar.

Rubina ta ce, "Ƙazanta ce?"

"Ina! Zanin gado fes."

"To faɗuwa suke yi?"

"Har banɗaki akwai ƙarfen dafawa. Mahaifiyata da shanyewar ɓarin jiki ta zo, yanzu tana takawa."

"To mene ne laifinsu?"

"Wata ma'aikaciya, wai ita Shaziya. Tun ina budurwa ni ke shafa wa Ammi mai a ka duk Juma'a. Yau na zo na tarar an shafe, an kitse. Wai hannun Shaziya ya fi laushi! Har 'ɗiyata' Ammi take ce mata, a gabana!"

Rubina ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Ina za ki?"

"Ofis, Baji. Wane ɗaki kika ce Shaziyar take kula da shi?"