Sunan da Babu a Takardar Jana'izar Renita

A shagon buga takardu a kudancin Chicago, Mama Odessa na layi riƙe da takardar jana'izar 'yarta Renita. Wata budurwa a bayanta ta leƙo hoton marigayiyar da ke jikin takardar.

"Mama, wannan ba Renita mai rubuta waƙoƙi ba ce? Sannu da rashi. Waƙarta kan yaron da 'yan sanda suka harbe, ita muke rerawa wajen zanga-zanga."

Mama Odessa ta gyara tsayuwa. "'Yata ce. Waƙar ma za a buga ta a bayan takardar."

"Har da ta soyayyar da ta rubuta wa Marva, abokiyar zamanta?"

"Fasto ya ce wannan ba ta coci ba ce."

"To ina sunan Marva a jerin waɗanda ta bari?"

"Ga shi nan a ƙasa: 'da ɗimbin 'yan uwa da abokan arziki.'"

"Haba Mama! Shekara goma sha takwas suna gida ɗaya. Har 'yan uba na can garin Memphis an lissafa su."

"Ke yarinya, ba ki san mutanen cocinmu ba. Ni zan zauna da su bayan an binne ta."

"Wa ya yi jinyarta?"

Mama Odessa ta shafa takardar da yatsa.

"Marva. Ita take ɗaga ta, ita take mata wanka. Wannan takardar ma ita ta rubuta da hannunta. Ni ban ce ta cire sunanta ba."

"Ai ba sai kin ce ba, Mama."