Inna Ta Ce Jiri Take Ji, Ba Mu Yarda Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Sunana Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Mai'adua.

Mahaifiyata Inna ta tsufa, kuma ta daɗe tana fama da taɓin hankali. Bara aka canza mata magani a asibiti. Tun daga nan, in ta miƙe sai ta dafa bango ta ce, "Hadiza, ƙasa juyawa take yi da ni." Yayana ya ce ciwon ne ke sa ta surutai. Ni ma na yarda.

Da muka koma asibiti na faɗa wa ma'aikacin da ya duba ta. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Tsufa ne, ku ci gaba da ba ta." Bai auna jininta ba, bai ce ta taka ya gani ba.

Wata rana da hantsi ta tashi za ta yi alwala, ta faɗi a kan dokin ƙofa, ƙugunta ya karye. Sai da aka kwantar da ita likita ya ce maganin yana kawo jiri. Wata huɗu tana faɗa da bakinta, ba wanda ya saurare ta, don an ce ba ta da hankali. Yanzu ko zama ba ta iya yi, kuma ta daina gaya mini inda ke mata ciwo.

Malam, ka tambayar mana likitoci: sai tsoho ya karye ne za a duba tafiyarsa? Ina gaida maƙwabciyata Iya Rabi, wadda ke taya ni juya Inna safe da yamma.