Allon da Yatsa Bai Taɓa Sauka a Kansa Ba

Mai girma shugaban wannan zama, kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, Malam Saleh Abbo, Allah ya ƙara girma. Babbar baƙuwarmu Hajiya Ikilima, wadda ta ba mu aron wannan zaure da kujerunsa. Rabaran Jonah da Malam Liman, waɗanda suka buɗe mana taro da addu'a, kowa da irin tasa. 'Yan kwamitin duba kayan aiki. Abokan sana'a na unguwar Turaki, da na Majidaɗi, da na Kona. Masu kyamara ta gaske, da masu wayar hannu da ke shiga gabanmu a wurin biki, ku ma mun gan ku, mun kuma gaishe ku. Iyayena maza da mata, jama'a baki ɗaya, barkanmu da wannan rana.

Gaisuwa ta musamman ga tsohuwar da ke zaune a layi na biyu, kusa da matata Caroline. Mahaifiyata ke nan, Mama Dinatu, mai ƙuli-ƙulin Kona. Ba lambar yabo ta kawo ta ba. Shekara tara ke nan tana tambayata hoto guda ɗaya, hoton marigayi mahaifina, na kuwa yi mata alkawari yau za ta gan shi kafin a tashi. Mama, ban manta ba. Ki ɗan ƙara haƙuri, wanda ya jira shekara tara ba zai gaza rabin sa'a ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Matiyu Elijah. Ina godiya ga kwamiti, useko, wato na gode ƙwarai. An ce sun duba kyamara arba'in da ɗaya, sun ɗaga kowace a hasken rana, sun karkata ta dama, sun karkata ta hagu, suka tarar tawa kaɗai ce allonta bai da ko ƙwarzane. Saboda haka aka ba ni wannan katako mai ƙyalli, aka kuma ce in koya wa na baya yadda ake kare allon kyamara. Kun zaɓi malami, kuma za ku ji karatu. Sai dai kada kowa ya tafa sai ya ji ƙarshensa.

Darasi na farko: kyamara ba ta zama jaka ɗaya da makulli. Na ga mai hoto a garin nan da ya zuba kyamara da makullin babur da caja da rabin goro a jaka guda, ya hau hanyar Kona mai gargada, ya iso yana mamakin wanda ya yi wa allonsa zane. Babu wanda ya yi maka asiri, ɗan'uwa. A ware mata aljihunta, a shimfiɗa mata ƙyalle mai taushi.

Na biyu: gefen riga ba tsumman goge allo ba ne. Abin da kake gani kamar ƙura, yashi ne ƙanana, in ka danna shi da riga ka zagaya, to kai da mai goge tukunya da toka aikinku ɗaya. A fara hurewa, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi, a hankali. Yawu kuma, don girman Allah, a bar shi a baki.

Na uku: a manna gilashin kariya tun ranar da aka sayo ta. Rigakafi ya fi magani, kuma gara ya fashe a sake wani da allon ya fashe a tafi neman mai gyara har Jos.

Waɗannan uku gaskiya ne, ku rubuta. Amma kwamiti bai ba ni katako don su ba, domin rabin zauren nan na yin su. An ba ni ne don darasi na huɗu, wanda ni kaɗai na ƙware a kansa: yadda ake kare allo daga babban maƙiyinsa, wato ɗan Adam.

Kun san mutanenmu. Ka ɗauki hoto, kafin ka sauke kyamara daga ido an kewaye ka. "Nuna mini in gani!" "Kawo in ga yadda na fito!" Kuma mutumin Jalingo ba ya gani da ido kaɗai, sai ya haɗa da yatsa. Wannan ta fito daga kwanon miyar manja, wannan ya gama cin tsire, waccan lallenta bai bushe ba, wancan farcensa ya isa noma. Kowa sai ya dangwala ya ce, "Ga ni nan!" kamar in bai dangwala ba zai ɓace daga hoton.

Ni kuwa ɗan gidan da ake girmama sabon abu ne. Mu ne masu barin leda a kujerar mota har ta narke, mu ne masu naɗe rimot a leda kamar za a aika shi ƙauye. Da na sayo kyamarar nan, da taimakon ƙuli-ƙulin waccan tsohuwa, sai na bar ledar kamfani a kan allon. A kan ledar na manna gilashi. Hankalina bai kwanta ba, na tafi Majidaɗi wurin Malam Auwal baduku, ya ɗinka mini marfin fata mai maɓalli biyu. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Matiyu, laya ce ko kyamara?" Na ce masa ai shi fata ya sani, ilmin zamani sai mu. Daga ranar nan ta ɗan ramin leƙe na sama nake aiki, allo kuwa yana ciki yana hutawa. Duk wanda ya ce in nuna masa, amsata ɗaya ce: sai an wanke.

To ga inda ilmin zamani ya kai ni.

Mahaifina, Baba Elijah, manomin doya ne, kuma bai yarda da hoto ba. Cewa yake, "Wanda yake son ganina ya zo gona." A duniya hotonsa ɗaya ne, na katin zaɓe, wanda a ciki ya yi kama da mutumin da aka kama da akuyar wani. Shekara da shekaru muna roƙo yana ƙi. Sai ranar Kirsimeti ta shekarar da na sayi kyamarar nan, bayan an taso daga coci, ya sa farar rigarsa, ya zauna a benci jikin farin bango kusa da rumbu, ya kira Mama ta zauna gefensa, ya ce, "To, mai injin, yi abinka sau ɗaya, kada ka ƙara."

Abokan sana'a, ku za ku gane wannan. Da safen nan a cikin coci na yi aiki, inda haske ya yi ƙaranci, na buɗe wa kyamara ƙofar haske har iyakarta. Na fito tsakar rana, ranar Jalingo da kuka sani, ga farar riga, ga farin bango, ban mayar da komai ba. Na leƙa ta rami, na ga iyayena tsaf, na danna.

Mama ta taso da murna. Tun asuba take fama da suya, hannunta duk man gyaɗa. Ta miƙo shi ta ce, "Kawo in gani babanka." Na ja da baya kamar ta miƙo wuta. Na ce, "Mama, hannunki da mai. Sai an wanke." Ta goge hannun a zani, ta sake miƙowa. Na ce, "Zanin ma da mai." Baba ya yi dariya ya ce, "Bar shi, Dinatu, injin ya fi mu tsada." Ya tashi ya tuɓe rigar.

Maɓalli biyu ne, jama'a. Da na ɓalle maɓalli biyu, da Mama ta dangwala yatsa ta ce, "Ina yake?" Da na ga ɓarnar nan take, alhali mutumin yana zaune a gabana da rigarsa. Ban ɓalle ba. Sai bayan kwana biyu, a shago, na sa mamori a kwamfuta, na ga abin da na ɗauka: fari fat, kamar takardar da ba a rubuta komai a kanta ba. Na ce ba komai, zan lallashe shi in an shiga sabuwar shekara. Ran tara ga Janairu Baba ya kwanta da zazzaɓi, ran goma sha biyu muka sa shi a ƙasa.

Da yawanku kun zo jana'izar, kun kuma ga fosta. Uban mai hoto, a bangon kowace unguwa, da hoton katin zaɓe. Mama ta tambaye ni dalili. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, a nan ne kuma na gano ina da wata baiwa da ta fi ɗaukar hoto. Na ce mata hoton da na ɗauka ya fi ƙarfin bango, inda ruwa zai dake shi, awaki su ci gefensa. Ta ce haka ne. Bayan wata uku ta sake tambaya, na ce injin wanki na garin nan bai kai darajarsa ba. Ta ce haka ne. Shekara ta zagayo, na ce takarda mai kyau ta yanke a kasuwa. Wata shekarar na ce babu wuta, wannan kam ko ba ni ba kowa zai iya rantsewa a kai. In ta ce to in nuna mata a jikin kyamarar, sai in ce yawan buɗewa yana sa hoto ya koɗe.

Ƙarya kuwa ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ɗauki 'yan rakiya. Tunda na hana uwata gani, ba ni da bakin nuna wa kowa, domin garin nan ƙarami ne, labari zai kai Kona kafin in kai. Amarya ta roƙa, na hana. Mai unguwa ya roƙa, na hana. Akwai bikin da aka sallame ni tun kafin a yanka kek, aka kira mai waya. Aka sa mini suna Sai-an-wanke, na san kuna faɗa a bayana, Malam Saleh ma ya taɓa kuskurewa ya faɗa a gabana. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Mama ta fassara abin. A zumuntar mata ta coci take ba da labarina. Cewa take, "Yaron nan ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kan injin nan, saboda babansa yana ciki." Mata suna ta sa mini albarka. Wata ma ta kawo ɗanta ya gaishe ni don ya koyi biyayya. Duk albarkar da aka sa mini sai in ji ta kamar an ɗora mini buhun doya. Ina jin kunya, jama'a. Shekara tara ina jin kunya, yau kuma an haɗa mini ita da katako mai ƙyalli.

Saboda haka ga cikakken darasi na huɗu, ga mai son lashe wannan lamba baɗi: ka rufe allonka da leda, ka rufe leda da gilashi, ka rufe gilashi da fata, ka hana uwarka taɓawa, sannan ka nemi ƙaryar da za ta tsare maka shi shekara tara. Ina tabbatar maka ko ƙwarzane ba za a samu ba. Wanda kuma yake son ya zama mai hoto kawai, ya tsaya a darasi na uku. Gilashin kariya an yi shi ne don a taɓa, in ya karce a ɓamɓare a sa wani. Ku duba allonku tun mutum yana zaune, ku nuna masa tun yana da idon gani.

Mama, kin ji komai, kuma a gaban mutane na faɗa don kada in sake samun ƙofar gudu. Babu fuskar Baba a cikin injin nan. Ba ta taɓa kasancewa a ciki ba. Ni na ɓata, ni na ɓoye, ki yafe mini.

Amma na ce za ki ga hoto, kuma akwai abin da ya tsira. A can ƙasa, ta gefen hagu, inda inuwar rumbu ta faɗo, rana ba ta ci wurin ba. Akwai gwiwarki cikin zanin zumunta. A kan gwiwar akwai hannu. Mutumin da ban taɓa ganin ya riƙe ki a gaban jama'a ba, ashe lokacin da nake leƙe ta rami ya ɗora miki hannu. Caroline, taimaka mata ta taso.

Kafin ta iso, bari in yi mana addu'a. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da shugabanninta. Allah ya tsare mana kayan aikinmu daga makulli da yashi da ruwan sama, ya tsare mu daga son kayan fiye da masu shi. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba waɗanda suka rage tsawon rai da haƙurin zama da mu. Allah ya ba Jalingo da Taraba zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ga maɓalli na ɗaya. Ga na biyu. Malam Auwal, ga layarka. Gilashin ma ya fita. Wannan ƙarar da kuka ji, ledar kamfani ce, yau ta ga rana. Shugaba, katakonku yana kan tebur, a ba wanda ya zo na biyu, domin nan da minti ɗaya ban cancanta ba.

Matso, Mama. Ga shi nan, a ƙasa. Eh, shi ne. Yatsa huɗu da rabi, ɗaya rabin adda ta cire masa a gona.

A'a, Mama, kada ki goge hannu a zani. Taɓa haka nan.

Na gode.