Ajin da Ba Kowa Ranar Juma'a

Shugaban taro, Shugabar makaranta, Rabaran, Malam Liman, iyaye da malamai 'yan'uwana, ina gaishe ku duka. Na gode da kuka ba ni dama, ni Andrawus, malamin lissafi, kafin ku yanke shawarar soke darasin babban lissafi a wannan makaranta.

Na farko, ga abin da nake koyarwa. Fankshin kamar injin niƙa ne: ka zuba lamba, ya fitar da wata. Lambobin da yake karɓa su ne domen ɗinsa. Wani injin ba ya karɓar lambar da ta gaza sifiri, wani kuma yana karɓar kowace lamba ban da biyu. In ka haɗa su, aiki zai yiwu ne kawai a inda dukansu suka yarda: daga sifiri zuwa sama, ban da biyu. Kowace shekara ɗalibai sukan ɗauka haɗin ƙara faɗi yake yi, alhali ragewa yake yi.

Na biyu, ga abin da ya faru. An mayar da darasin zuwa ranar Juma'a bayan ƙarfe sha biyu, domin lokacin ne ba ni da wani aji. Gaskiya ne. Amma a cikin ɗaliban ajin, lokacin ne Jamiluddeen yake tafiya masallaci, Luke yake tafiya koyon waƙar coci, Tamar kuma take hawa mashin zuwa Kwoi taya mahaifiyarta aikin citta. Babu mai laifi a cikinsu. Na tare Tamar a bakin get, ta ce, “Malam, kar ka ji haushi. Ai kai ka koya mana: in ɗaya bai karɓa ba, ba a haɗawa.”

Tun daga nan, kowace Juma'a ina shiga ajin, in goge allo, in rubuta darasi, in juya in ga benci ba kowa. Ina jin ƙarar motoci a hanyar Kagoro har a buga ƙararrawa.

An ce yara ba sa so. Suna so. Tamar injiniya take son zama, kuma ba ta da wani malamin.

Na uku, roƙona. Kada ku soke. Ku nemo mana lokacin da ni da su duka muke nan, ko da Talata da safe ne.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Juma'a mai zuwa zan shiga ajin, ina jiran amsarku. Na gode.