Wutar Da Ta Rage A Talabijin

Zuleiha na jiran fankarta a rumfar mai gyara a unguwar Aboabo, sai wani dattijo ya zauna kusa da ita rungume da tsohuwar talabijin.

"'Yata, jifa aka yi min. Na cire ta daga soket, na buɗe bayanta, wuta ta yar da ni. Daga ina wutar?"

"Baba, akwai wani ɗan abu a ciki, kafasita, mai tara wuta. Kamar randa yake: ko an ɗauke ruwan famfo, wanda ta tara yana nan."

"Wato babu hannun kowa?"

"Sai naka, Baba."

Ta so yin dariya, amma ta ga fuskarsa ta canza.

"Ara min wayarki. Jiya na kori ƙanena daga gida kan wannan."