Dilmaya Pun da Warin Kwalaben Kan Taga

Mai girma shugaban ƙungiyar masu masaukin baƙi ta kwarin Tarekhola, yayanmu Tejendra Gauchan. Mai girma Lama, malamin addininmu, wanda ya baro gidan ibada ya sauko da ƙafarsa duk da ciwon gwiwa. Shugabar ƙungiyar iyaye mata da muƙarrabanta. Dattawan ƙauyukan sama da na ƙasa. Tsofaffin sojojinmu da ke zaune a sahun gaba da lambobinsu a ƙirji. Masu alfadarai, 'yan dako, da masu yi wa baƙi jagora zuwa kan duwatsu. 'Yan'uwana masu masauki maza da mata. Da ku da kuka cunkushe a bakin ƙofa don kun ji an ce yau za a yi ta: ina gaishe ku baki ɗaya, tafin hannuna a haɗe, kaina a sunkuye.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ina godiya ga matan da suka dafa mana shinkafa da miyar wake, har wasunmu suka fara gyangyaɗi tun ba a shiga batu ba. Ina kuma godiya ga ƙanena Khemraj Tulachan, wanda ya kawo ƙarar da ta tara mu, domin ya kawo ta a fili gaban jama'a, bai tsaya yi da mutum a bayan murhu ba. Wannan halin kirki ne, kuma zan faɗa ko da yake yau ba gefe ɗaya muke ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Manrupa Sherchan, mai masaukin bakin gada, can ƙasan kwazazzabo inda rana ke leƙowa ta gaishe mu ta wuce. Abin da ke gabanmu kuwa kowa ya ji shi. An nemi ƙungiya ta janye wa Dilmaya Pun izinin ɗauko mana kayan sha daga birnin Pokhara, bisa zargin cewa giyar ƙetare da take kawowa jabu ce. Mu gane nauyin abin da za mu yi. Idan hannaye suka tashi a kanta yau, babu masauki ɗaya a kwarin nan da zai sake ba ta kaya, alfadaranta za su koma hannun wani, kuma sunan “mai jabu” zai bi ta, ya bi 'ya'yanta har makaranta. Saboda haka ina roƙo a saurare ni da haƙuri.

Abu na farko, mu tambayi kanmu abin da muka daɗe muna sha. Tun da baƙi masu hawan dutse suka fara bin wannan hanya, mun ɗauki wata al'ada da ta zama abin alfahari. Duk mai masaukin da ya isa, sai ya jera korayen kwalaben giyar ƙetare a kan tagar da ke fuskantar hanya, rana ta ratsa su, hasken ya zuba kore shar a kan tebur, mai wucewa ya hango daga nesa ya san nan gidan manya ne. Kyau kam akwai kyau, ba na musu. Amma da an fasa kwalbar, sai wani wari ya bugi hanci, irin na jaɓa idan ta bi ta cikin ɗakin ajiya. Mu kuwa sai muka sa masa suna, muka ce ƙamshin ƙetare. Muka ce ai haka giyar Turawa take, shi ya sa ta fi tamu tsada. Mutum zai kurɓa, ya yamutsa fuska, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya dubi na kusa da shi ya ce, “Kai, wannan ita ce ta ainihi!”

Kuma ba ta taɓa zuwa iri ɗaya ba, kun sani, na sani. A akwati ɗaya, wannan kwalba ta yi wari, waccan ta yi ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, wata ka ji ƙarfe a harshenka don murfin ya yi tsatsa, ta tsakiya kuma ka ji ta lafiya lau babu komai. Abin dariya, waccan ta tsakiyar ita muke turawa gefe mu ce ta lalace. Ni da nake cikin inuwa, tagata ba ta samun rana, shekara da shekaru ana yi mini ba'a. Wani zai shigo ya ce, “Manrupa Didi, yayarmu, ba ni shayi kawai, giyarki ba ta da rai.” Na sha haushin wannan magana har na gaji da sha. Baƙi kuwa suna ta ajiye kwalba rabi a masaukan sama suna neman tamu ta gida mai jar kwalba, mu kuma muna cewa rowa ce ta hana su.

Abu na biyu, mu duba abin da Dilmaya ta yi. Lokacin da mijinta ya rasu, kowa ya ɗauka za ta sayar da dabbobin ta zauna. Sai ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki sandarsa, ta bi bayan alfadarai da kanta, a hanyar da maza ke kuka da ita. A Pokhara, wajen babban dillali, ta tarar ana sauke sabon kaya daga mota, wata kwalba ta faɗi ta fashe a gabanta. Ta sunkuya ta shinshina, ba ta ji warin nan ba. Ita da kanta ta ba ni labari. Ta ce wa mai kula da ɗakin ajiyar, “Dai, yayana, wannan kayan naku na yau jabu ne, ba shi da ƙamshi.” Mutumin ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, “Ƙanwata, wane ƙamshi? Wancan ai rana ce ta dafa ta. Koriyar kwalba ba ta tare haske. Ku mutanen sama kuna shanya giya kamar barkono, sannan ku zo ku ce mu muka aiko da wari.”

Wata da ta ji haka sai ta yi shiru ta ci gaba da kawo mana abin da muka saba, kowa ya huta. Dilmaya ba ta iya ba. Ta kwashe bargunan ulu na gidanta, har da wanda aka kai ta ɗakin miji da shi, ta lulluɓe kowane akwati ruf. Ta daina karɓar kayan da suka yini a filin dillali, ko da za ta kwana tana jiran sabo. Tana duba murfi ɗaya bayan ɗaya, mai tsatsa ta mayar. Idan rana ta take, ta tsayar da dabbobi a inuwar itatuwa, sauran masu alfadarai su wuce ta suna tsokana: “Dilmaya, jariran naki sun yi barci? Ko mu taya ki rarrashi?” Ita kuma ta ce, “Ku wuce, na ga ku naku tsirara kuke yawo da su.” Idan sanyi ya tsananta a sama, ta ƙara bargo kada giyar ta daskare. Tafiyar da wasu ke yi su dawo su huta, ita tana kan hanya. Babu wanda ya sa ta, babu wanda ya ce mata sannu. Jama'a, ni dai ban taɓa ganin mai riƙon amana irin wannan ba, kuma ina faɗa da dukan zuciyata.

Ba zan ce ba ta da aibi ba. Bakinta ya fi barkonon shugabar mata Ama Sunmaya zafi, kuma ga ta nan zaune, ta san barkononta. Dilmaya ba ta iya lallashi ba. Idan ta shiga masaukin mutum ta ga kwalabe a taga, maimakon ta yi bayani cikin ladabi, sai ta ce, “Sauke waɗannan, ko ka zuba wa akuya.” To, wa zai ji daɗin haka a gaban baƙinsa? Da yawa a cikinku haushin bakinta kuke ji, ba haushin giyarta ba. Idan don wannan ne, ku zo mu taru mu yi mata faɗa, ni zan fara. Amma ba a raba mace da sana'arta don ba ta iya zaƙin baki ba.

Abu na uku shi ne ranar bikin ɗan Khemraj, domin daga nan wutar ta tashi. Khemraj ya so ya fita kunyar surukansa, ya yi odar giyar ƙetare, abin da ba kowa ke iyawa ba. Dilmaya ta kawo ta da safiyar bikin, a lulluɓe, aka sauke aka kai gaban dangin amarya kai tsaye, ba ta ga taga ba. Ina wurin. Kawun amarya, dattijo mai gashin baki, ya tsoma yatsa ya yayyafa wa magabata rabonsu, ya kurɓa, ya shinshina, ya sake shinshinawa. Sai ya ajiye kwalbar ya ce da ƙarfi, “Suruki, ruwan kogi ka ɗura mana? Ina ƙamshin? Mun ba ku 'ya ta ainihi, ku ba mu giyar jabu?” Aka ɗauke kwalabe, aka koma kan giyar tamba. Na ga fuskar Khemraj a lokacin, kuma na rantse na tausaya masa. Duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ya san abin da ake ji idan aka muzanta ka gaban surukai. Ƙanena, kunyar da ka sha gaskiya ce, ba wanda zai ce ƙarya kake yi. Abin da nake cewa shi ne, ba Dilmaya ce ta jawo maka ita ba. Hancinmu ne da muka ɓata da kanmu, mu da surukan naka baki ɗaya.

Kada ku ce Manrupa na kare ƙawarta ne kawai. Bayan biki ta biyo ta wurina, idonta jawur. Na ce, “Ƙanwata, ko dai dillalin nan ya cuce ki?” Ta zaro kwalba biyu daga akwati ɗaya, ta tura ɗaya ƙarƙashin gadona, ta haura da ɗayar ta ajiye a kan dutsen da ke tsallaken gada inda rana ke bugawa. Muka zauna muka sha shayi, muka yi hirar duniya. Da muka gama ta ɗauko su ta fasa. Ta ƙarƙashin gado garau, sai ɗan ɗacinta mai daɗi. Ta kan dutse kuwa, tun kafin ta iso hancina na kau da kai. Ta miƙo mini ta ce, “Ga ƙetarenki nan, Didi. A tsallaken gadarki aka yi shi.” Duk mai shakka, rana tana nan, dutse yana nan, kwalba ma ba ta ƙare ba. Ya je ya gwada da hannunsa, kada ya yarda da ni.

Na ji an ce akwai hanyar sulhu. Shugaba da kansa, cikin kyakkyawar niyya, ya kira ta ya ce, “Dilmaya, ki cire bargunan nan, ki ba Khemraj haƙuri, magana ta mutu.” Ta ce masa, “Dai, haƙuri zan ba shi har gida, don an ci masa fuska kuma abin ya dame ni. Amma bargo ba zan cire ba. In kun ga dama ku shanya ta a tagoginku bayan na sauke, wannan ruwanku ne. A bayan dabbata dai ba za ta lalace ba.” Ku dubi wannan magana da kyau. Mace ce da abincin 'ya'yanta ke hannunmu, aka nuna mata ƙofar tsira, ta ƙi bi don kada ta kawo mana abin da ta san ya ɓaci. Irin wannan ake nema a ba amana, irin wannan ake roƙo ta daɗe a kan hanya, irin wannan ake nuna wa yara a ce ku yi koyi. Mu kuma mun taru za mu kore ta.

Masu son taga ta yi kyau, ba a hana ku ba. Ku jera kwalaben da aka shanye, ku cika su da ruwa ku mayar da murfi, hasken zai zuba kore kamar kullum. Wadda za a sha kuma a kai ta ɗaki mai duhu da sanyi, kusa da dankali.

A ƙarshe, wasu na ta waige suna tambaya, ina ita Dilmayar, me ya hana ta zuwa ta kare kanta, ko girman kai ne? Bari in gaya muku inda take. Surukan Khemraj za su dawo ganin ɗaki jibi, kuma ruwan da aka yi ya zabtare hanya a ƙasan gada, duk masu alfadarai suka ce ba za su sauka ba sai an gyara. Matar Khemraj ta rasa yadda za ta yi, ta je wurin Dilmaya a ɓoye. Shekaranjiya na gan ta ta wuce ta ƙofata za ta gangara. Na ce, “Ke, kin manta da taro? A kanki fa za a ɗaga hannu!” Ta ce, “Didi, baƙin mutane ba su san da wani taro ba. In babu shinkafa da sukari da abin sha a gidan nan ranar da za su zo, kunya ta biyu ke nan.” Khemraj, ƙanena, ɗago kanka ka dube ni. A daidai wannan lokaci da muke zaune a inuwa, tana can tana jan dabbobi a bakin zabtarewa, kuma kayan da ke bayansu naka ne.

Kafin rana ta faɗi za mu ji ƙararrawar alfadaranta ta doso gari. Wani daga cikinmu ne zai fita ya tare ta ya faɗa mata abin da aka yanke. Duk wanda zai ɗaga hannu a kore ta, ya shirya zama wannan mutumin, domin ni ba zan je ba.

Ubangiji ya sauko da ita lafiya ya hau da ita lafiya, ita da dabbobinta. Ya sanyaya zuciyar Khemraj, ya sa albarka a auren ɗansa, ya fitar da shi kunyar surukai. Ya ba shugabanmu da dattawanmu ikon yin adalci, ya tsare hanyoyinmu daga zabtarewa, ya kawo mana baƙi masu alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.